Shatin Hannun Baba

Shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, a shekarar Baba ya sayi mota. Fara ce, 'yar Kwatano, ta sha hannu kafin ta iso gare shi, amma ranar da ta shigo unguwarmu ta Jakara sai ka rantse daga kamfani aka turo ta. Lungunmu ba ya cin mota, ko amalanke sai an karkata shi, don haka a bakin titi ta samu masauki, ƙarƙashin wata rumfar kwano da Baba ya sa aka kafa a jikin katangar masallaci. Nan ta yi shekara ashirin da ɗoriya.

Baba baduku ne. Rumfarsa tana cikin Kasuwar Kurmi, yana ɗinka gafaka da tumtum da jakunkuna, kuma bai taɓa yarda wani ya rina masa fata ba. A tsakar gida yake rininsa da sassafe, da karan dafi, sannan ya bi fatar da man gyaɗa don ta yi laushi. Duk wanda ya san karan dafi ya san ba ruwansa da sabulu. Tun da na yi wayo tafin hannun Baba ja ne, jan da ya dafe ya shige cikin kowane zane na fatarsa. In ya ba ka hannu, yini za ka yi kana jin ƙamshin fata a jikinka.

Daga gidanmu zuwa Kurmi tafiyar ƙafa ce, ba ta kai a tada mota ba. Amma kullum in ya fito zai tafi kasuwa sai ya ratse ta rumfar. Ya ɗora tafin hannunsa na dama a kan rufin motar, daidai saman ƙofar direba, ya karanta addu'ar hawa abin hawa, ya bubbuga sau biyu, ya shiga ya tada ta ta ɗan yi ɗumi, ya kashe, ya kama hanyarsa a ƙasa. Maƙwabta har tsokanarsa suke yi, wai shi kaɗai ne yake addu'ar tafiya a motar da ba za ta motsa ba. Ya kan ce musu ai ba a san ranar da za ta ga dama ba. Wuri ɗaya yake ɗora hannun, ba ya kuskure shi. Shekara ta bi shekara, rini da maiƙo suka ci farin fentin nan, har shatin hannu ya fito sosai: tafi, yatsu huɗu a jere, babban yatsa ya ɗan ware gefe. Ni na goge wannan shatin, da hannuna, kuma ba wanda ya sa ni.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Malamin makaranta ne ni, zanen fasaha nake koyarwa a sakandare, kuma Allah ya yi ni da son abu tsaf. Layi in ya karkace ko da ƙanƙani ne, sai na goge na sake, ko da kuwa ba wanda zai lura. Ɗalibaina sun sha wuya a hannuna, iyalina ma haka. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu: ina yaro kunyar hannun Baba nake ji. In ya zo makarantarmu ta kwana ziyara yana gaisawa da malamai, ni idona yana kan tafukansu, ina jiran in ga ko wani zai duba nasa bayan sun saki. Ba wanda ya taɓa dubawa. Da na girma na ɗauka wannan wautar ta bar ni. Duk da haka, duk ranar da na wanke masa mota sai na tsaya a kan wurin nan da soso ina dirza. Shi kuwa ya tsaya yana min dariya.

"Malam, kada ka gajiyar da kanka," ya kan ce. Tun da na fara koyarwa yake kirana Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. "Abin da ya ƙi fita a hannuna ne zai fita a ƙarfe?"

Mahaifiyarmu, Hajiya, irin matan da ne. Ba ta taɓa kama sunan Baba ba, "mai gidan" take cewa. Ni ma, da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta zama ta yi doguwar hira da ni, ba ta nuna damuwa a kaina a gaban mutane. "Kai" take ce min, ko ta aiko ƙanwata ta ce a kira "yayanku". Haka muka taso, kuma ban taɓa ɗaukar hakan rashin ƙauna ba. Sai dai tsakanina da ita magana ba ta fitowa gaba ɗaya. Rabi take faɗa, sauran rabin kai za ka nemo. Kowace Juma'a bayan an sauko, Baba ya kan ɗauke ta a gidan gaba su tafi gaida yayanta a bayan Ƙofar Kabuga. Wannan ce doguwar tafiyar motar a mako, kuma nan ne kaɗai nake ganinsu zaune kafaɗa da kafaɗa.

Da ciwo ya kwantar da Baba a asibiti, ni nake kai Hajiya kullum da safe da kwanon kunu. Idonta ya fara rauni a lokacin. In mun fito bakin titi, maimakon ta nufi ƙofarta kai tsaye, sai ta zagayo ta ɓangaren direba, ta dafa rufin motar, ta sunkuya kamar tana gyara takalmi. Ta ɗan jima a haka, sannan ta zagaya ta shiga. Kwana ashirin da wani abu tana wannan. Na gani da idona, na ce a raina tsufa ne, takalmin ma ya kamata a sake mata wani. Har na sayo mata sabo.

Baba bai dawo gida da ƙafarsa ba. Allah ya jiƙansa. Bayan an share makoki ƙannena suka ce motar ta zauna a hannuna, tunda ni ne na san ciwonta. Hajiya ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta leƙa ko zaure.

A watannin nan na rasa inda zan sa kaina. Ban iya kuka a gaban mutane ba, ban iya zaman shiru ba. Sai na bi ta kan motar. Fentinta ya dushe, rana ta cinye shi, masu babur sun kakkarce gefenta, awakin unguwa sun mayar da bonet wurin hutu. A waya na ci karo da masu nuna yadda ake gyaran fenti a gida. Akwai wani ruwa a 'yar ƙaramar kwalba da suke kira siramik, in an shafa ya bushe sai ya zama kamar gilas a kan fenti, ba abin da yake kama shi. Akwai kuma wata leda garai-garai da ake mannawa a inda duwatsu da farce suke yawan samu, tana tsare abin da ke ƙarƙashinta yadda yake, shekara da shekaru. Na kalli abin nan ya fi sau hamsin. Na ƙudura a raina cewa ranar da Hajiya za ta fita takaba, ni zan kai ta gidan yayanta kamar yadda Baba yake yi, a motar da ta koma kamar ranar da ya kawo ta. Na sa aka aiko min da kayan daga Legas, har da ɗan injin goge fenti.

Saura mako biyu ta fita na shiga gaishe ta. Tana zaune a kan tabarma da carbi, na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Hajiya, zan ɗauke motar nan na kwana uku, zan ɗan gyara mata jiki."

Ta ci gaba da jan carbi. "Wani abu ya same ta ne?"

"A'a, lafiyarta ƙalau. So nake ta yi kyau kafin ki fito."

"Wankewa kawai za ka yi, ko?"

"Wankewa da ɗan shafe-shafe."

"To," ta ce. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta mayar da kai kan carbinta. "Wankewar dai. A yi a hankali."

Yanzu na san iyakar abin da kunya za ta bari ta faɗa ke nan. Ta yaya za ta dubi ɗanta na fari ta ce masa kada ya taɓa inda mijinta yake ɗora hannu? A lokacin kuwa na ɗauka tsoro take ji kada in ɓata kuɗi, na tashi ina murmushi.

Aikin ba ya son rana, ba ya son ƙura, ba ya son ruwan sama, ga shi damina ta fara. Wani abokin aikina yana da gareji mai ƙofa a gidansa, can bayan Kabuga, ya ba ni aro tunda ana hutun makaranta. Ranar farko wanki na yi, sau biyu, da bokiti biyu kamar yadda na gani, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya. Sannan na bi jikinta kaf da wani abu mai danƙo kamar cingam, yana tsince ƙananan tsakuwoyin da suka maƙale a fenti. Na bi robobin gilas da fitilu na rufe da salatif. Har azahar ban zauna ba.

Masu koyarwar nan duk bakinsu ɗaya a kan abu guda: duk abin da ka bari a kan fenti, siramik zai rufe shi ya zauna har abada, don haka sai ka goge kowane tabo kafin ka shafa. Wannan magana ta yi daidai da halina, kamar don ni aka yi ta. Rana ta biyu na ɗauki inji, na ɗiga man goge mai ɗan kaushi a kan soson, na fara daga bonet. Wallahi abin da daɗi. Ka bi wuri sau biyu, ka share da tsumma, sai ga fari tas ya fito daga ƙarƙashin dushewar nan. Na bi ƙofofi, na bi but, na hau kan benci na kama rufi daga baya ina tahowa gaba.

Ba zan ce ban san mene ne ba. Na sani sarai. Da na iso wurin har na kashe injin, na tsaya ina kallonsa. Abokina ya shigo da ruwan sanyi a lokacin, ya leƙo.

"Malam, wannan kuma fa? Kamar hannun mutum."

"Rinin Baba ne," na ce. "Ya ci fentin. Shekara nawa ina fama da shi da soso ya ƙi fita. Yau dai zai ga inji."

"Allah ya jiƙan Baba," ya ce. Ya ɗan tsaya yana duban wurin, ya dube ni, sannan ya ajiye ruwan ya ce bari ya je ya yi alwala.

Bi na farko, yatsun suka dushe. Bi na biyu, suka tafi, saura tsakiyar tafin, inda ya fi dannawa. Nan ya yi min gardama. Na ƙara mai, na ƙara danna injin, raina har yana ɗan ɓaci kamar yadda yake yi in ɗalibi ya ƙi gane abu. A bi na huɗu na share da tsumma, wurin ya fito fari fat, ba ka bambanta shi da sauran rufin. Daɗi na ji. Wannan ne abin da ya fi ci min rai har yau, cewa daɗi na ji. Soson injin ya rine ya yi ja-ja, na cire shi na wanke a bokiti, na fita na kwarar da ruwan a kwata.

Da la'asar na goge motar duka da sifirit don kada maiƙo ya rage, na kama aikin leda. Nan na gane kallon abu a waya daban, yinsa daban. Sai ka fesa ruwan sabulu a fenti, ka fesa a ledar, ka shimfiɗa, ka bi da 'yar roba mai faɗi kana matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Ka kori kumfa a nan ta ɓullo a can. A kan lanƙwasar bamba ledar ta tattare, sai da na aro abin busar da gashi na matar abokina na ɗumama ta sannan ta miƙe. A bonet na gama tsaf, na ja da baya ina yaba kaina, sai ga silin gashi ɗaya kwance a ƙarƙashi. Na ɗaga na sake, ina ta faɗa ni kaɗai. Na manna a bakin ƙofofi, na manna a bayan mariƙin ƙofa inda farce yake karta, har bayan madubai ban bari ba. Wani guntu ya rage, na naɗe shi na jefa a but.

Rana ta uku ita ce ta siramik. Na sa safar hannu, na ɗiga ruwan a kan ɗan soso, ina shafawa a tsaye sannan a kwance, wuri kaɗan-kaɗan. In ya fara ƙyalli mai launi-launi sai ka share da tsumma mai laushi, in ka makara ya daskare ya bar tabo. Ban makara ko sau ɗaya ba. Rufin na yi wa shafi biyu, tunda shi ya fi shan rana. Muka rufe garejin, ta kwana biyu ba a taɓa ta ba. Da na fito da ita, abokina ya ce in ba don lambar ba, da ya ce wata na sayo.

Ranar fitar takaba ta faɗo Juma'a. Hajiya ta yi wanka ta sa sababbin kaya, mata suka cika gidan, aka yi addu'a aka raba waina. Bayan an sauko daga masallaci ta fito, ƙanwata tana riƙe da jakarta. A lungu kowa ya gan ta sai ya tsaya, ana yi mata barka da fita, tana amsawa a hankali. Ni na riga su zuwa rumfar, na tsaya da buta a hannu kamar mai tallan magani. Suna isowa na tsiyaya ruwa a kan bonet, ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, bai bar ko laima ba.

"Kin gani, Hajiya? Yanzu ba abin da zai ƙara kama ta."

Ba ta dubi bonet ɗin ba. Ta zagayo ta ɓangaren direba, ta ɗaga hannu ta ɗora a kan rufin. Hannun ya zame. Ta sake ɗorawa, ta matsa gaba kaɗan, ta dawo baya, tana shafawa da yatsu. Sannan ta yi ɗage ta kai fuskarta dab da ƙarfen, saboda idon nata. A nan ne takalmin nan ya faɗo min a rai, da kwana ashirin ɗin asibiti, da "wankewar dai". Butar tana hannuna, ruwa yana zuba a kan ƙafata ban sani ba.

"An sake mata fenti ne?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"A'a, Hajiya. Gogewa na yi."

"Har nan?"

"Har nan."

Ta ɗan jima hannunta yana wurin. Sannan ta sauke shi, ta gyara mayafinta.

"To. Sannu da aiki. Allah ya yi albarka."

Na ruga na buɗe mata gidan gaba. Ta ce a'a, baya ya fi mata sauƙin miƙe ƙafa. Muka kama hanya daga Jakara zuwa Ƙofar Kabuga. Ina hango ta a madubi, ta juya fuska waje, leɓenta yana motsi. Da ta zage ni a gaban mutanen unguwa, da ta ɗaga hannu ta mare ni da furfurata, da ya fi min sauƙi. Albarka ta sa min.

Da muka isa Hajiya da ƙanwata suka shiga ciki, na ce zan ɗauko tsarabar da ke but. Ina buɗewa na ga guntun ledar nan a naɗe. Na warware shi, na zagaya na shimfiɗa a kan rufin, saman ƙofar direba. Ya rufe wurin duka, har da saura ta kowane gefe. Abin da aka yi shi don ya tsare abu yadda yake, na saya da kaina, na manna shi a bamba da bayan madubi, na hana farce karce mariƙin ƙofa. Aikin minti goma ne da na shimfiɗa shi a nan. Na kifa kaina a jikin motar, a ƙofar gidan mutane da rana tsaka, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Bayan kwana biyu na yi wata wautar. Na shiga Kurmi wurin maƙwabcin rumfar Baba na roƙi jiƙaƙƙen karan dafi a 'yar kwalba. Na shafe tafina da shi, na haɗa da man gyaɗa, na danna a wurin na daɗe. Da na ɗaga, rinin ya tattaru ƙwaya-ƙwaya ya gangaro ta kan gilas. Ko da ya zauna ma, yatsuna sirara ne, na mai riƙe fensir, Hajiya ba za ta ruɗu ba. Na share, na koma gida da jan hannu, ya yi mako bai fita ba. Da na kai mata gaisuwa ta ga hannun, ta dube shi, ta kawar da kai.

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Kowace Juma'a ina kai ta Kabuga, kullum a baya take zama, kuma ba ta sake zagayawa ta ɓangaren direba ba. Ba ta taɓa tada maganar ba, ni ma na kasa. Sau da yawa na durƙusa a bakin ƙofarta da niyyar neman gafara, sai in ga in na faɗa na tilasta mata ta amsa abin da ta yi shekara hamsin tana rufewa, sai in gaishe ta in tashi. Bayan rasuwarta ne ƙanwata ta gaya min cewa a cikin takabar, in an ce mata saura kwana kaza, ta kan ce, "In na fita akwai inda zan fara tsayawa." Su duka sun ɗauka gidan yayanta take nufi.

Motar tana nan a rumfarta. Masu wucewa suna yaba ƙyallinta, wasu har su tambayi wanda ya yi min aikin. Kullum da safe in zan tafi makaranta nakan ɗora hannuna na dama a saman ƙofar, in karanta addu'ar, in bubbuga sau biyu. Wani lokaci da gumi a hannun, wani lokaci da garin alli. In na ɗaga nakan duba. Masu kayan nan ba su yi ƙarya ba, aikin ya yi kyau, har yau ba abin da ya kama.